Mai Makulli: ma'ajin littattafai tsakanin dariyar telebijin da amanar Kurfai

Gabatarwa

A garin Filinge, da sauran garuruwan da ke jere a cikin Dallol Boso, yaro yakan fara ganin ma'ajin littattafai a cikin akwatin telebijin ko a fuskar wayar hannu tun kafin ya gan shi ido da ido. Da yawa daga cikin yaran ma ba za su taɓa ganinsa a fili ba har su bar lakwal. Abin da fim ɗin Amurka da aka juya zuwa Faransanci ya nuna musu, shi ne zai zauna a zukatansu: wata mace mai tabarau, fuska a murtuke, ta ɗora yatsa a kan leɓe tana umartar jama'a su yi shiru, ko kuwa wani tsoho mai tarin makullai wanda ya fi ƙaunar takarda a kan mutane. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan an samu ganin da ya riga sani, ya kuma tare masa hanya.

Tambayar da wannan maƙala ke son dubawa ita ce: shin akwai laifi a yi wa wata sana'a dariya? Masu wasan kwaikwayo sun daɗe suna kwaikwayon alƙali da ɗan sanda da boka da alhaji mai rowa, ba wanda ya ce sun yi zalunci. To, me zai sa a ware ma'ajin littattafai? Amsar tana da alaƙa da tarihin ƙasar Kurfai kanta, domin mutanen wannan yanki sun san kwaikwayo a matsayin makami, sun kuma san ɗacin a nuna mutum ga duniya ba da bakinsa ba.

Surar da ta zo daga nesa

Finafinai da wasannin telebijin na ƙasashen Turawa sun ba ma'ajin littattafai fuska uku.

Fuska ta farko ita ce ta macen da aure ya wuce ta. A cikin fim ɗin Frank Capra na 1946, It's a Wonderful Life, wanda tashoshin Amurka suka daɗe suna maimaitawa a ƙarshen kowace shekara, an nuna wa wani magidanci yadda garinsu zai kasance da ba a haife shi ba: ƙanensa ya mutu tun yana yaro, gari ya lalace, matarsa kuwa ba ta yi aure ba, tana aiki a ɗakin karatu. Wato dai an jera aikin kula da littattafai a cikin sahun masifu. Wannan sura tana da tushe a cikin tarihin ƙwadago. Lokacin da Melvil Dewey ya buɗe makarantar horar da ma'aikatan ɗakunan karatu a Columbia, a birnin New York, cikin 1887, mata 17 ne daga cikin ɗalibai 20 na farko. Masu ɗaukar aiki sun ga cewa mace mai ilimi za ta karɓi albashin da namiji zai raina. Bugu da ƙari, a ma'aikatu da yawa na Amurka da Ingila, har zuwa shekarun 1940, macen da ta yi aure sai ta ajiye aiki. Saboda haka waɗanda suka daɗe a kan kujerar su ne marasa aure. Doka ce ta haifar da lamarin, amma fim ya mayar da shi hali, ya ɗora wa matan laifin ƙa'idar da aka ɗora musu.

Fuska ta biyu ita ce ta mai gadi mugu. A cikin Le Nom de la rose, fim ɗin Jean-Jacques Annaud na 1986 da aka ɗauko daga littafin Umberto Eco, wani tsohon makaho a gidan ibadar Kirista ya shafa guba a gefen shafukan wani littafi don kada kowa ya karanta shi ya rayu. Littafin kuwa yana magana ne a kan dariya. A ƙarshe gobara ta cinye ma'ajiyar baki ɗaya. Wannan shi ne mai tsaron da tsaronsa ya halaka abin da yake tsaro.

Fuska ta uku ta zo ne daga baya, kamar don neman afuwa. A cikin jerin Buffy, wanda aka nuna daga 1997 zuwa 2003, ma'ajin littattafan makaranta shi ne jagoran masu yaƙi da aljannu. A cikin The Librarians, daga 2014 zuwa 2018, ma'ajiyan suna zagaya duniya suna ƙwato kayan tsafi daga hannun miyagu. Wasu ma'aikata sun yi murna da wannan sauyi. Amma in an duba da kyau, yabon yana ɗauke da raini a cikinsa, domin abin da yake faɗi shi ne: mutumin nan bai cancanci a kalle shi ba sai ya ajiye aikinsa ya ɗauki takobi. A cikin fuskokin uku babu wadda ta nuna shi yana yin abin da aka ɗauke shi ya yi, wato haɗa mai tambaya da littafin da zai amsa masa.

Surar gida

A gefen Hausa kuwa, matsalar ta fi kama da shiru. Tun daga finafinan Kano da suka fara yaɗuwa a kaset cikin shekarun 1990, har zuwa jerin wasannin tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, mai kallo ya saba da likita da lauya da ɗan kasuwa da malamin tsibbu da ɗan siyasa. Da wuya ya tuna wani wasa da ma'ajin littattafai ya zama jigo a cikinsa. In an nuna ɗakin karatu, galibi wurin haɗuwar saurayi da budurwa ne a jami'a, littattafan kuma ado ne a bayansu. Akwai abin mamaki a nan, domin telebijin ta shigo Nijar ne a matsayin malama: tun 1964 aka fara gwajin koyarwa da ita a makarantun firamare, shekaru da dama kafin ta zama tashar ƙasa. Akwatin da ya fara da karatu, yau ba shi da wurin da zai ajiye mai kula da karatu.

Harshe ma bai gama raɗa masa suna ba. A Najeriya ana cewa ma'aikacin laburare; a Nijar masu boko sukan ari kalmar Faransanci; a takarda ana rubuta ma'ajin littattafai. Amma sunan da ya fi yawo a bakin ɗalibai shi ne mai makulli. "Mai makulli bai zo ba." "Mai makulli ya tafi Yamai." Suna linzami ne, wannan kuwa yana jan hankali zuwa ga ƙofa a rufe.

Gaskiya ta wajabta a ce sunan bai faɗo daga sama ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk malamin da ya yi aiki a makarantun karkara ya san yadda abin yake tafiya. Wata ƙungiyar agaji ko wani garin Faransa da aka ƙulla abota da shi ya aiko da kwalaye na littattafai. An yi biki, an ƙidaya su, an sa wani ya sa hannu a kan takardar karɓa. Daga ranar nan, duk littafin da ya ɓace a wuyansa yake. Duk yaron da bai karanta ba kuwa, ba a wuyan kowa yake ba. Mai duba makarantu zai zo ya ƙirga littattafai, ba zai ƙirga masu karatu ba. Mutum mai hankali, in an aza shi a wannan matsayi, abin da zai yi shi ne ya sayi kwaɗo. Sa'an nan sau da yawa wanda ake ba aikin malami ne da rashin lafiya ko gajiya ta hana shi riƙe aji, ba tare da horo ko na mako guda ba, alhali kuwa sana'a ce da ake koyo: makarantar EBAD ta Dakar, wadda aka kafa a 1967, tana horar da ma'ajiyan littattafai da na takardun tarihi. A bayan ƙofar da aka rufe, gara da ɓeraye da ƙurar hunturu da yoyon damina suna cin rabonsu. Kamar yadda doka ta haifi macen mai tabarau a Amurka, haka tsarin lissafi ya haifi mai makulli a nan.

Kurfai ta san kwaikwayo

Kafin a yanke hukunci a kan dariya, ya kamata a tuna cewa ƙasar Kurfai ta ba duniya ɗaya daga cikin shahararrun misalan kwaikwayo. A 1925, a garin Cikal kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fito da wasu sababbin iskoki waɗanda aka kira Hauka, wasu kuma suka kira su Babule. Waɗanda iskokin suka hau sukan yi tafiya irin ta soja, su yi fareti, su ba da oda, su ɗauki matsayin gwamna da kumandan da kaftin. Lamarin ya zo daidai da ƙin jinin da talakawa ke yi wa haraji da aikin tilas, da kuma sarautar Gado Namalaya wadda Faransawa suka ɗaure wa gindi. Kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kama su aka kulle. Sakamakon da ya samu shi ne, shi kansa aka mayar da shi iska a cikin jerin iskokin, da sunan Kumandan Mugu. Ko mene ne ra'ayin mutum game da bori, darasin siyasar a fili yake: marasa ƙarfi sun ɗauki surar mai ƙarfi, suka sa ta a jikinsu, suka nuna masa yadda yake a idonsu.

Bayan shekaru kusan talatin, labarin ya juya. Ƴan ci-rani daga yammacin Nijar sun kai Hauka har Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau. A 1954 Jean Rouch ya ɗauki hoton bikinsu a kusa da Ankara, ya fitar da fim ɗin Les Maîtres fous. Da aka nuna shi a Paris a 1955, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, domin sun san abin da Bature zai gani shi ne baƙar fata yana kumfar baki yana cin naman kare. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a Gwalkwas, saboda ita kuma ta gane cewa da ita ake. Fim ɗin ya ci lambar yabo a Venise a 1957. Daga baya Usman Sembene ya faɗa wa Rouch a gabansa cewa shi da ire-irensa suna kallon mutanen Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari. Ba a gama wannan gardama ba har yau, kuma Rouch yana da masu kare shi da hujjoji masu ƙarfi. Abin lura dai shi ne, masu kwaikwayon sun zama abin kallo, kuma miliyoyin da ba su taɓa jin sunan Cikal ba, ba su san haraji ko aikin tilas ba, sun yanke musu hukunci daga mintoci kaɗan na hoto.

Ma'aunin dariya

Daga waɗannan labarai biyu, da kuma wata al'ada da kowa ya sani, ana iya fitar da ma'auni. Taubasantaka, wadda UNESCO ta sa cikin jerin gadon ɗan'adam da sunan Nijar a 2014, ta halatta wa Bafulatani da Ba'are, ko Bagobiri da Bazabarme, su yi wa juna ba'ar da in baƙo ya yi ta sai an kai ga sanda. Abin da ya sa ba ta zama zagi ba abu uku ne. Na farko, masu yin ta sun san juna. Ba'are ya san Bafulatanin da yake tsokana, ya sha nonon shanunsa. Na biyu, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa nan take. Na uku, babu wanda ya fi wani a cikinta. In ma akwai bambancin matsayi, to daga ƙasa take hawa sama, kamar yadda wasan kara na Damagaram ke kwaikwayon manyan hukuma a gabansu, kamar kuma yadda Hauka suka yi wa kumandan. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, amma da wasa kuma ake faɗa wa sarki.

In an ɗora dariyar da telebijin ke yi wa ma'ajin littattafai a kan wannan ma'auni, sai a ga ta faɗi sau uku. Mai kallo a Bonkuku ko Damana bai san ma'ajin ba, don haka ba shi da abin da zai gwada surar da shi. Ma'ajin ba shi da tashar da zai rama. Kuma ba mai iko ba ne: ba ya ɗaure kowa, ba ya karɓar haraji, ba shi da kasafin kuɗi. In an kwaikwayi alƙali, kotu tana nan gobe da safe, kowa kuma ya san amfaninta. Dariya ba za ta rushe ta ba, sai dai ta gyara ta. Sana'ar da ba ta riga ta kafu ba kuwa, dariya tana iya kashe ta tun tana cikin ƙwai. Magajin garin da ya tashi da hoton mai makulli a kansa ba zai ware albashi don a ɗauki ma'aji ba. Yarinyar da ta ci jarrabawar bakaloriya ba za ta ce wa mahaifinta ga abin da take son karanta ba, don ta san tambayar da za ta biyo baya: "Ɗiyata, duk karatun nan don ki zama mai gadi?"

Saboda haka laifin bai rataya a kan dariya ita kanta ba. Mai makulli ya cancanci a kwaikwaye shi, kuma wasa mai kyau a kansa zai yi amfani. Laifin yana cikin dariyar da ta zama ita kaɗai ce labari, wadda ta tsaya a kan mutum ɗaya ta bar tsarin da ya mayar da shi haka.

Amana biyu

To, mene ne ainihin aikin? Manomin Kurfai ya fi kowa kusa da fahimtarsa, domin ya san bankin cimaka. Bayan fari na shekarun 1970 da na 1984, an kafa irin waɗannan rumbunan gayya a garuruwa da dama: ana tara hatsi da kaka, a fitar da shi lokacin da rumbunan gida suka ƙare, a mayar bayan girbi. Mai riƙon bankin yana ɗauke da amana biyu masu jan juna. In ya ƙi buɗewa don tsoron asara, mutane za su kwana da yunwa hatsi na ruɓewa. In ya buɗe wa kowa ba rubutu ba bin bashi, baɗi babu banki. Gwaninta ita ce tafiya a tsakanin biyun, kuma babu wata doka da za ta yi masa wannan aiki. Sai sanin mutane da riƙon gaskiya.

Haka ma'ajin littattafai yake. Yana da amanar mai karatun yau, yana da amanar wanda ba a haifa ba tukuna. Tun 1931 masanin Indiya Ranganathan ya gina koyarwarsa a kan cewa manufar tara littattafai ita ce a yi amfani da su. Malaman zaure na ƙasar Hausa sun san haka tun kafin nan. Littafi yana cikin gafaka, an naɗe shi da fata don kada gara ta taɓa shi, amma ana ba da aronsa ga almajirin da aka yarda da shi ya kwafa, ta haka ne rubuce-rubucen Sakkwato da Katsina suka kai garuruwa masu nisa. Masu ba da hayar littattafan soyayya a kasuwannin Kano cikin shekarun 1990 su ma ma'ajiya ne ba tare da sun ji sunan ba: sun san abin da kowace mai karatu ta riga ta karanta, sun san wadda za ta mayar da wadda sai an bi ta.

A ɗauki misalin wata ɗaliba a kwaleji wadda mushe ya ba aikin rubutu a kan tarihin garinsu. Ta zo ɗakin karatu tana jin kunya, ba ta san sunan littafi ko ɗaya ba. Ma'aji na gari ba zai ce mata babu ba, ko da kuwa babun ce. Zai tambaye ta, "Ƴan mata, daga wane gari kike? Wa ya rage a cikin tsofaffin gidanku?" Zai ba ta littafin tarihin Nijar da ke akwai, ya nuna mata shafin da ya shafi yankin, sa'an nan ya ce ta je wurin kakarta da tambayoyi biyar, ta rubuto amsoshin, a ajiye kwafi guda a nan. Wannan aiki ba shi da takobi, ba shi da gudu da mota, shi ya sa kyamara ba ta son sa. Amma a cikin rabin sa'a an koya wa yarinya cewa tambaya tana da hanya, kuma garinsu ma abin rubutawa ne.

Akwai lokutan da aikin yakan fito fili har duniya ta gani. A 2012, da masu ɗauke da makamai suka mamaye Tumbuktu, Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa sun fitar da dubban ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu a cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta jirgin ruwa, zuwa Bamako. A watan Janairu na 2013 aka ƙone kimanin 4,000 daga cikin waɗanda suka rage a cibiyar Ahmad Baba. A watan Janairu na 2015 kuma, wutar zanga-zanga ta cinye cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Damagaram tare da ɗakin karatunta. Abin da ya sa Haidara ya iya yin abin da ya yi shi ne shekarun da ya shafe kafin nan yana yawo gida gida, yana rubuta sunayen littattafai, yana samun yardar iyalai. Jaruntar kwana ɗaya ta tsaya ne a kan haƙurin shekaru, wato a kan ɓangaren da fim ke tsallakewa.

Ita kanta Kurfai tana da bashi a wuyanta ga irin waɗannan mutane. Labarin Shibo da Cikal da aka kawo a sama, ta yaya aka san shi da shekararsa da sunayen mutanensa? Ta bakin tsofaffi, da kuma ta rahotannin kumandoji waɗanda wasu ma'aikata da ba a san sunansu ba suka jera, suka ɗaure, suka kare daga gara. Da su ne masana tarihi irin su Finn Fuglestad, a 1975, suka nuna cewa Hauka tana da fuskar tawaye ga mulkin mallaka, suka mayar wa mutanen da aka nuna suna kumfar baki da hankalinsu da dalilinsu. Abin da ya gyara hoto shi ne takarda, abin da ya tsare takarda kuwa shi ne mai makulli. Haka nan dubban rubuce-rubucen Larabci da Ajami da ke cibiyar IRSH ta Jami'ar Yamai, tushensu tarin da Bubu Hama ya fara ne.

Mai musu zai ce

Mai musu zai kawo hujja biyu. Ta farko: Afirka ƙasar baka ce, kuma Amadu Hampate Ba ya riga ya kwatanta mutuwar tsoho da ƙonewar ɗakin karatu, a gaban taron UNESCO na 1960; tsofaffi su ne ma'ajiyanmu, in ji shi mai musun. Amma Hampate Ba ya yi wannan magana ne don neman a gaggauta ɗauka da adanawa, kuma irin wannan kira ne ya kai ga kafa cibiyar tattara al'adun baka a Yamai a 1968, wadda aka sani yau da CELHTO. Wanda ya mayar da maganarsa dalilin ƙin gina ɗakin karatu ya juya ta baibai. In tsoho ma'ajiya ce mai iya ƙonewa, to ana bukatar wanda zai kwashe kayan kafin wuta ta kama.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: a jahar da rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a farkon shekarun 2020, inda iyalai suka baro garuruwansu suka taru a manyan garuruwa, wa ke da lokacin damuwa da yadda fim ya nuna ma'ajin littattafai? Amsa ita ce, yaron da aka rufe makarantarsa bai daina bukatar karatu ba, sai ma ƙaruwa da bukatar ta yi. Kuma wurin da zai iya zuwa ba rajista, ba kuɗi, ba a tambaye shi ajinsa nawa ba, shi ne ɗakin karatu, in akwai shi, in kuma a buɗe yake. Haka nan wayar hannu ta cika gari da labarai da muryoyi da hotuna waɗanda ba a san asalinsu ba, wasunsu kuwa suna iya tada fitina tsakanin maƙwabta. Sana'ar da tushenta shi ne tambayar wa ya faɗa, yaushe, a ina aka samo, ba ta taɓa zama abin bukata kamar yanzu ba.

Kammalawa

A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, fiye da shekaru 50 bayan buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Tsakanin waɗannan shekaru an buga littattafan karatu da tatsuniyoyi da ƙagaggun labarai da ƙamus a cikin harsunan ƙasa, wasu a ƙarƙashin maɗaba'ar Albasa a farkon shekarun 2000. Da yawansu yau sun fi wuyar samu a kan littattafan da aka buga a Paris. Harshen da aka ɗaukaka a takardar doka yana bukatar wanda zai tara abin da aka rubuta da shi, ya jera, ya ba da aro, ya bi sawu.

Nauyin da ke kan malamai da ƙungiyoyin al'adu bai fi ƙarfinsu ba. Daraktan makaranta yana iya amincewa a rubuce cewa littafin da ya tsufa a hannun yara ba asara ba ce, yana iya kuma tambayar ma'ajinsa yawan waɗanda suka ara a wata maimakon yawan abin da ke cikin kabad. Ƙungiyar iyayen yara tana iya neman a tura wanda aka ba aikin ya samu horo. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo kuwa suna da gado mai kyau a gabansu: Yazi Dogo malamin makaranta ne, kuma shi da abokan wasansa sun nuna a telebijin ta ƙasa cewa ana iya sa jama'a dariya a kan ma'aikaci ba tare da an raba shi da mutuncinsa ba. Wasan da ya dace da dandalin Filinge zai nuna mai makulli da kwaɗonsa da tsoronsa, a yi dariya. Ya nuna mai duba makarantu da ke ƙirga kwali, a yi dariyar da ta fi. Sa'an nan ya nuna yarinyar Cikal da ta zo da tambayoyinta biyar. Kuma a ranar wasan, a ajiye wa ma'ajin garin kujera a sahun gaba, a ba shi magana in an gama, domin taubashi ba ya tsokana ya gudu.